Allon alminiyum a fuskar bene: famfon yayyafi zai wadatar idan gobara ta tashi?

Dan_Gesse:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema daga masu ilimin gini da waɗanda suka taɓa gani da idonsu. Ni da 'yan'uwana muna gina bene a nan Birnin Kebbi, a filin da mahaifinmu ya bar mana, Allah ya jiƙansa. Ƙasa shaguna huɗu ne, hawa biyu na sama gidajen haya, kuma a ɗaya daga ciki mahaifiyarmu za ta zauna. Mun iso gyaran fuska. Ɗan kwangila ya ce a lulluɓe gaba da gefe ɗaya da allon nan mai sheƙi irin na bankuna da gidajen mai, wanda a kasuwa kowane iri aka kawo ake ce masa alukobon. Ya ce ya fi fenti, rana ba ta kodar da shi. Na tura wa ƙanina da ke karatu a Ingila hoton, sai ga kiransa cikin dare, wai kada mu kuskura, irinsa ne ya cinye wani dogon bene a Landan. Da na koma wa ɗan kwangila sai ya ce to a sa sifirinkila a silin, wato famfon yayyafin ruwa, magana ta ƙare. Abin da nake son sani: in an sa famfon, allon ya daina zama haɗari? Kuma famfon zai yi aiki a garinmu, da ruwa da lantarki suke yadda kuka sani?

Mai_Walda_Jega:
Wa alaikumus salam. Alhaji, alminiyum ƙarfe na, ƙarfe kau ba ya cin wuta. Mun ɗaura shi wurare da yawa nan Jega da Birni, ban taɓa jin wanda ya kama ba. Ka sa abinka.

Injiniya_BK:
Malam Mai Walda, gobe in ka shiga shago ka ɗauki guntun da kuka yanke ka dubi bakinsa. Za ka ga ba ƙarfe ba ne zalla, hawa uku ne a manne. Kaurinsa gaba ɗaya kamar milimita 4 ne. Fatar alminiyum ta gaba da ta baya kowace rabin milimita ce, a masu arha ma ba ta kai haka ba. Sauran duk abin da ke tsakiya, baƙin nan, roba ce da ake kira polietilin, dangin ledar fiya wata, kuma daga ɗanyen mai ake yin ta. Da zafi ya ɗan haura digiri 100 take fara narkewa, in ta kama kuma tana ci tana ɗiga, kowane ɗigo da wutarsa. Alminiyum ɗin kansa yana narkewa a digiri 660, gobarar ɗaki kuwa tana wuce nan.

Abu na biyu, wanda kai ka fi ni saninsa: ba a liƙa allon a jikin bulo. Kan firam ake ɗaura shi, a bar sarari tsakaninsa da bango. Wannan sararin in wuta ta shiga, iska ce ke ja daga ƙasa zuwa sama kamar an sa mata zugazugin maƙeri. Shi ya sa take hawa da gudu, kuma tana ci a bayan allo inda ruwan tiyo ba ya isa.

Mai_Walda_Jega:
Baƙin nan na tsakiya lalle na san shi, in muna yanka da giranda har wari yakai. Ban ɗauka ya kai hakanan ba.

Bazamfare_a_Landan:
Ƙaninka gaskiya ya faɗa maka, Alhaji. Grenfell ake ce wa benen, a yammacin Landan, hawa 24. Ranar 14 ga Yunin 2017 ne, cikin azumi, dab da ƙarfe ɗaya na dare. Firij ne ya kama a kicin ɗin wani gida a hawa na huɗu. Gobara ce irin wadda ake kashewa a manta, kuma 'yan kwana-kwana sun shiga sun kashe ta cikin kicin ɗin. Amma kafin nan ta riga ta fita ta taga ta shiga allon da aka lulluɓe ginin da shi a gyaran da aka gama a 2016. Cikin kusan rabin awa ta kai ƙololuwa. Mutum 72 suka rasu. Musulmi da yawa ba su yi barci ba saboda sahur, su ne suka riƙa buga ƙofofin maƙwabta.

Ginin kankare ne, an yi shi ta yadda wutar gida ɗaya za ta tsaya a gidan, shi ya sa da farko aka ce wa mutane su zauna a ɗakunansu. Allon ne ya rushe wannan lissafin, don wutar ta bi ta waje tana shiga ta tagogi hawa bayan hawa. Matakala kuma ɗaya ce tak, hayaƙi ya cika ta. Babu famfon yayyafi a ginin. Kwamitin binciken da tsohon alƙali Martin Moore-Bick ya jagoranta ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a Satumbar 2024, kuma tun a rahoton farko ya ce allon mai roba a ciki shi ne babban dalilin yaɗuwar wutar. Tun Disambar 2018 Ingila ta hana sa kayan da ke cin wuta a bangon waje na sababbin gidajen kwana da suka haura mita 18.

Baban_Ummi:
Allah ya jiƙan Musulmin da suka rasu. Amma jama'a mu riƙa auna abu da ma'auninsa. Hawa 24 ake magana, shi kuma Dan_Gesse nasa bai kai mita 12 ba. Ko a dokar Turawan da aka kawo, ai gininsa bai shiga ba.

Injiniya_BK:
Haka ne, tsawo yana da tasiri, ban musa ba. Sai dai sun yi lissafin mita 18 ne da motoci masu tsani da famfunan kashe gobara a bakin kowane titi, da mota da za ta iso cikin 'yan mintuna. Ka cire waɗannan ka sake lissafin. Tsohuwa a hawa na biyu, taga da baglari, matakala ɗaya, wuta a fuskar gini. Mita nawa ne ba zai dame ta ba.

Tsohon_Kwana_Kwana:
'Ya'yana, ku ba ni dama in sa baki. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina wannan aikin kafin in aje. Allon nan sabon abu ne a gare mu, a zamanina bai yawaita ba. Abin da na gani yana kashe mutane a gidajenmu biyu ne: hayaƙi da ƙarfen taga.

Akwai daren da ba na mantawa, cikin hunturu, iska na kaɗawa. An shiga da kaskon garwashi ɗaki don jin ɗumi, barci ya ɗauke su, katifa ta kama. Wutar ta tare ƙofar falo, ita ce kaɗai hanyar fita. Da muka isa mun tarar da samarin unguwa sun ɗaura igiya a baglari suna ja, wani na dukan sa da taɓarya. Matar gidan ta zuro hannuwanta ta tsakanin ƙarafunan tana miƙo jariri, amma ramin bai isa ya wuce ba. Sai da muka fasa bulon gefen tagar da guduma. Mun fito da ita da jaririn da rai. Yaran biyu da ke ɗakin ciki wuta ba ta taɓa jikinsu ba ko kaɗan, kamar masu barci muka ɗauko su. Hayaƙi ne.

Don haka Dan_Gesse, kafin allo, kafin famfo, ka gaya mini: matakala nawa ce a ginin? Kuma a kowane gida akwai taga ɗaya da baglarinta ke buɗewa daga ciki?

Yar_Argungu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, wannan labarin ya tayar mini da tsigar jiki.

Dan_Gesse:
Baba, Allah ya saka da alheri. Matakala ɗaya ce, a tsakiya, tana saukowa tsakanin shago na biyu da na uku. Baglari duk an kafe su cikin siminti tun watan jiya.

Tsohon_Kwana_Kwana:
To ka kira mai walda ya yanke guda ɗaya a kowane gida, ya yi mata hinji da sakata ta ciki. In za a sa kwaɗo, makullin ya rataya a ƙusa kusa da tagar inda hannun yaro ɗan shekara goma zai kai, kowa a gidan ya san wurin. Matakala kuma a yi ta ƙarfe a baya. Kuɗinta ba zai kai na allon ba.

Hajiya_Badariya:
Baba, da girmamawa, matakalar baya a garin nan ai gayyatar ɓarayi ce. Mu da muke zaune a haya mun san abin da ya sa ake kafe ƙarfen.

Tsohon_Kwana_Kwana:
Na sani 'yata. A rufe ƙasanta da ƙofar da ke buɗewa daga ciki kawai, ta waje ba ta da mariƙi. Masu walda sun iya.

Falamba_Gusau:
Bari in dawo da mu kan famfon, tunda shi aka tambaya kuma na taɓa aikin haɗa shi a wani otal da wani ɗakin ajiya. Mutane da yawa sun ɗauka in hayaƙi ya tashi duk famfunan gidan ke ɓallewa lokaci ɗaya. Ba haka yake ba. Bututu ne cike da ruwa a cikin silin, kowane ɗaki da kansa ɗaya ko biyu. A bakin kowane kai akwai 'yar kwalba siririya mai ruwa mai launi a ciki, ita ke toshe ramin. Zafi ne ke sa ruwan cikinta ya kumbura ta fashe, sai ruwa ya bugi ɗan farantin da ke ƙasa ya bazu kamar lema. Wanda wuta ke ƙarƙashinsa kaɗai ke buɗewa. Hayaƙi ba ya buɗe shi, turaren wuta ba ya buɗe shi.

Launin kwalbar ke nuna zafin da take fashewa: ja digiri 68, ita aka fi sawa a ɗakuna, rawaya 79, kore 93.

Matsalarmu ruwa ce da ƙarfin turo shi. Kan famfo ɗaya yana son matsi aƙalla rabin bar, wato ma'aunin ƙarfin turo ruwa, kuma duk mita 10 na tsawon tanki bar ɗaya yake bayarwa. Tankin da ke zaune kan rufin bene bai fi mita biyu ko uku sama da silin ɗin hawa na ƙarshe ba. Kenan shagunan ƙasa za su samu ruwa da ƙarfi, gidajen sama kuma su samu abin da bai fi yoyo ba. Dole sai da injin turawa. Injin kuma in na lantarki ne, ku tuna abu na farko da ake yi in gobara ta tashi shi ne kashe wutar gidan. Sai dai a sa mai dizal da ke tashi da kansa, ko a ba shi batirinsa daban.

Hajiya_Badariya:
Malam Falamba, digiri 68 ka ce. A watan Afrilu a nan Kebbi zafi na wuce 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Ni tsorona kar wata rana ina suya ya ɓalle ya jiƙa mini kujeru da kafet. Kuma mu an koya mana ba a zuba ruwa a kan man da ya kama wuta.

Falamba_Gusau:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Shi ya sa a kicin da cikin rufin kwano ake sa mai rawaya ko kore, kuma ba a sa shi daidai saman murhu. Maganar mai gaskiya ce, kada ki taɓa watsa kofin ruwa a kaskon da ya kama, ki kashe gas ki rufe shi da murfi. Famfon ba don kasko aka yi shi ba. In har ya buɗe, wutar ta riga ta bar kasko ta kama kabad da labule. A lokacin nan kafet ɗin da ya jiƙe ana shanya shi.

Bakabe77:
Ni dai ina ganin duk wannan tsarin masu kuɗi ne. Gidan haya da 'yan haya ke rigima kan wanda zai sa mai a janareta a tayar da samo, shi za a ce a ajiye tanki cike ba a taɓawa? Wallahi sati biyu ba a yi ba sai an ja tiyo an yi wanki da shi.

Falamba_Gusau:
Akwai dabara. Tanki ɗaya ake yi babba, a fitar da bututun amfanin gida daga tsakiyarsa, na gobara kuma daga gindi. In ruwa ya sauka rabi, famfon gida ya ɗauke, dole a tayar da samo, rabin ƙasa kuma yana nan. A lissafina, kai biyu na zubar da kamar lita 50 kowanne a minti, minti goma lita 1,000 kenan. Don gini mai gidaje da yawa a nemi na rabin awa, lita 3,000. Ba abin da ya gagara ba ne. Amma Bakabe ya taɓo gaskiya ta wani gefen: abin yana son kulawa. Na koma wani wuri bayan shekara biyu na tarar mai fenti ya shafe kawunan duka da farin fenti, wani kuma an rufe babban bawul saboda ɗan yoyo, aka manta. Famfon da aka rufe bawul ɗinsa ado ne kawai.

Dan_Gesse:
Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ainihin tambayata na nan. A ce na yi duk wannan, tanki da inji da komai. Allon fa?

Injiniya_BK:
Amsata a'a ce, ranka ya daɗe. Famfon yana cikin ɗaki, allon yana waje. In wuta ta tashi a falo, famfon zai iya danne ta kafin ta fasa taga, wannan babban amfani ne. To in daga waje ta fara fa? Ka zagaya kowace filaza a Birnin Kebbi ka ga abin da ke jingine da bango: janareta, jarkar fetur, kwalaye, injin na'urar sanyaya ɗaki, wayoyin allon talla da aka huda allon aka zura. Kai da shaguna huɗu a ƙasa, kowane mai shago da janaretansa, a ina kake jin zai ajiye shi? A gindin allon. Ranar da aka zuba mai a inji yana da zafi, babu kan famfo ko ɗaya da zai ji labari sai wutar ta leƙo ta tagar mahaifiyarku.

Bazamfare_a_Landan:
Injiniya, a nan zan ɗan saɓa maka. A Nuwambar 2014 an yi irin wannan gobarar a benen Lacrosse da ke Melbon a Ostireliya. Guntun sigari ne a baranda, a waje kamar yadda ka ce, kuma wutar ta bi allon ta haura hawa goma sha wani abu cikin 'yan mintuna. Amma ginin yana da famfon yayyafi, ya buɗe a gidajen da wutar ta nemi shiga, aka fitar da kowa, ba a rasa rai ba. Benen Torch na Dubai ma ya kama sau biyu, 2015 da 2017, ba wanda ya mutu. Kuma bayan Grenfell, a 2020 Ingila ta sauko da tsawon da ya wajaba a sa famfon a sababbin benaye daga mita 30 zuwa 11. Kenan kar mu raina shi.

Injiniya_BK:
Ban raina shi ba, kuma misalinka daidai ne. Amma dubi abin da ya faru: famfon ya tsare mutane, bai kashe wutar bango ba. Kuma an tsara shi ne don kai biyu zuwa huɗu su yi aiki lokaci ɗaya. In wuta ta shigo gidaje shida a tare, ƙarfin ruwan rabuwa yake yi. A Melbon akwai ruwan gari mai ƙarfi a bayansa. Tankin Malam Falamba na lita 3,000 fa? Abin da nake ƙi shi ne maganar ɗan kwangila, cewa famfo ya halatta allon. Kamar a ce ka ajiye fetur a ƙarƙashin gado tunda akwai bokitin yashi a ƙofa.

Abu_Sumayya:
Jama'a, komai ya samu bawa rubutacce ne. Gobara daga kogi maganinta Allah. Mutum ya yi addu'a ya bar wa Allah.

Malam_na_Gwandu:
Ɗan'uwa, babu mai jayayya da ƙaddara. Amma wanda ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma a nan ba ran mai gini kaɗai ba ne. Wanda ya karɓi kuɗin haya ya karɓi amanar iyalin wani. In ya san abu na da haɗari ya sa shi don ado, za a tambaye shi.

DanKaura:
Malam ya gama magana. Mu nan Kaura Namoda a Fabrairun 2025 munka rasa almajirai 17 dare guda a gobarar makarantar allo. Ba bene, ba alminiyum. Yara na barci wuta ta tashi. Wanda ya ga jana'izar nan ba ya sake cewa maganar gobara ta Turawa ce. Abin da ni ka roƙo, duk mai gida ya sayi na'urar nan mai ƙara in ta ji hayaƙi. Batir guda taka ci, ba ta son tanki ba ta son inji. Da dare hanci barci yakai, kunne ne ka tashe ka.

Yar_Argungu:
Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ni kuma abin da ban ji an ambata ba shi ne silin roba. Muna ta maganar allon waje, alhali rabin gidajenmu roba ce a saman kanmu. Bara a gidan yayata an kawo wuta da ƙarfi wajen ƙarfe biyun dare, waya ta yi tartsatsi a cikin silin. Ta ce abin da ya tashe ta wani abu ne mai zafi da ya ɗigo mata a ƙafa. Ta ɗaga kai ta ga silin ya lanƙwaso kamar tabarmar da aka jiƙa, baƙin hayaƙi na fita ta gefen fanka, mai shaƙe maƙogwaro. Ta suri yara suka fita, ko mayafi ba ta ɗauka ba. Har yau tabon na nan a ƙafarta, kuma ƙaramin ya yi sati yana tari.

Injiniya_BK:
Allah ya ƙara kiyayewa. Robar silin ba irin ta cikin allon ba ce, ba ta saurin kamawa kamarta, amma tana laushi ta zubo, kuma hayaƙinta na ɗauke da iskar asid mai ƙona huhu. Silin fi'ofi na gaske, wanda aka yi da jifsam, ba ya ci, har ruwa ne a cikin halittarsa da ke jinkirta zafi. Sai dai a kula, yanzu ana yin adon bakin rufi da na tagogi da farin soso irin na cikin kwalin talabijin, a shafe shi da siminti. Wannan ma abincin wuta ne.

Baban_Ummi:
To wai duk allon ne haka? Manyan gine-ginen Abuja duk sun yi kuskure kenan?

Injiniya_BK:
A'a, kala uku ne. Akwai mai alamar PE, shi ne mai roba zalla, ya fi arha, shi ya fi yawa a kasuwa. Akwai FR, an cakuɗa robar da garin ma'adini, yana jinkirta wuta amma bai hana ta gaba ɗaya ba. Sai A2, wanda cikinsa kusan duk ma'adini ne, ya fi nauyi, ya fi tsada, sau da yawa sai an yi odarsa. Daga waje dukkansu ɗaya ne, kyan ɗan maciji. Cikin PE yawanci baƙi ne, sauran fari ko toka-toka, amma kar a dogara da launi kaɗai. A nemi takardar gwaji mai sunan kamfani da lambar da ta dace da wadda aka buga a bayan allon.

Mai_Walda_Jega:
Takarda kau Injiniya, a kasuwa wa za ya ba ka ita? Abin da anka kawo shi muka ɗaurawa. Amma yau na gwada. Na ɗau guntu na riƙe da filaya na kanga mishi wutar gas bayan shago. Wallahi kamin minti guda fatar ta buɗe, baƙin ya kama yana zuba ƙasa da wuta, na janye gas ɗin bai mutu ba. Na janye maganata ta farko.

Bakabe77:
Har yanzu ni ban gamsu ba. Kasuwar Birnin Kebbi ta ƙone a 2016, ba allo a jikinta. Abin da ke ƙona mu wayar lantarki ce marar kyau da haɗin ganganci. A gyara wannan tukuna.

Tsohon_Kwana_Kwana:
Ɗana, abin da ke tayar da wuta daban, abin da ke ɗaukarta ya kai ta ɗakin barci daban. Ka yi gaskiya kan waya, kuma Dan_Gesse ya nemi mai wayarin na ƙwarai, ya sa waya mai kauri da abin da ke katse wuta da kansa. Amma ko a Landan ɗin firij ne ya fara.

Dan_Gesse:
Jama'a, Allah ya bar zumunci. Jiya da la'asar na je wurin ginin na sa aka buɗe allon da ɗan kwangila ya riga ya sauke, guda goma sha biyu. Cikinsu baƙi ne, kuma na tambayi takarda ya ce babu. Mun zauna da 'yan'uwa bayan isha'i. Matakalar baya da gyaran baglari da na'urar hayaƙi kowa ya yarda, mai walda zai fara ranar Asabar. Kan allon ne muka rabu. Yayanmu ya ce tunda an biya, a sa shi a saman shaguna kawai, layi ɗaya na allon talla, sama kuma a yi filasta da fenti. Ni da ƙanina muna son a mayar da shi gaba ɗaya ko da za a yi asara. Famfon kuma muna tunanin a fara da shagunan ƙasa da matakala, tunda nan tankin sama zai iya turawa ba inji.

Injiniya_BK:
In ra'ayin Yaya ne ya yi rinjaye, a bar aƙalla mita ɗaya na bulo tsirara tsakanin saman allon da tagogin hawa na farko, a toshe sararin bayansa ta sama da abin da ba ya ci, kada kuma ya ratsa saman ƙofar matakala. Janareta a gina musu ɗaki a baya. Ni dai da nawa ne da na mayar.

Falamba_Gusau:
Shaguna da matakala farawa ce mai kyau, amma ka ja bututun ya hau sama tun yanzu kafin a rufe silin, ko da ba za a ɗaura kawunan ba sai an samu kuɗin inji. Fasa fi'ofi daga baya ya fi tsada. Ka auna mini tsawon daga gindin tanki zuwa silin ɗin shaguna, in gani ko zai kai.

Hajiya_Badariya:
Alhaji, kafin ku ba da shagunan, ku rubuta a takardar haya abin da ba za a sayar ba. Mu a ƙasanmu mai cika tukunyar gas ne, a gefensa mai katifa. Kuma don Allah Hajiya Babba a sa ta a hawa na farko, gidan da ke kusa da sabuwar matakalar.

Dan_Gesse:
In sha Allahu, Hajiya. Dama gwiwa na damunta. Malam Falamba, gobe da safe zan je da tef in auno maka.